KOREN ƘWARO MAI GARKUWA: RAYUWARSA, MAZAUNINSA DA ABINCINSA

Gabatarwa

Ɓarnar ƙwari a gona iri biyu ce. Akwai wadda manomi yake gani da idonsa tun tana faruwa, akwai kuma wadda ba ya gane ta sai ranar girbi. Idan fara ta sauka a gona, ko tsutsa ta kama ganye, kowa ya ratsa zai ga ganyen a cinye, nan da nan kuma sai a tashi neman magani. Amma akwai waɗansu ƙwari da ba su tauna ganye, ba su kuma barin huda mai faɗi. Su dai tsotso suke yi. Gona tana nan kore shar, mai ita yana murna, sai an zo sussukar wake a tarar da ƙwaya a motse, wani kwanson ma babu kome a cikinsa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwari shi ne wani koren ƙwaro mai faɗin baya, wanda yake sakin wari idan an taɓa shi. Masana ilmin ƙwari sun sa masa suna Nezara viridula. A cikin wannan takarda za mu riƙa kiransa koren ƙwaro mai garkuwa, saboda siffar bayansa.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, Jamhuriyar Nijar tana biye da ita. Wake kuwa shi ne naman talaka, shi ne ƙosai da alale da ɗanwake, harawarsa kuma abincin dabbobi ce da rani. Saboda haka duk abin da ya taɓa wake ya taɓa tukunyar gidaje masu yawan gaske. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wa jama'a yadda wannan ƙwaro yake rayuwa, da inda yake zama, da abin da yake ci. Wanda ya san waɗannan abubuwa uku zai san lokacin da ƙwaron ba shi da ƙarfi, ya tare shi a lokacin, kafin ya yi fiffike.

Yadda Za A Gane Shi

Babban ƙwaron tsawonsa milimita 12 zuwa 15 ne, watau kusan rabin inci, kamar dai girman farcen babban yatsa. Launinsa kore ne irin na ɗanyen ganye, shi ya sa yake sajewa da shuka. Kansa ƙarami ne, kafaɗunsa masu faɗi, jikin kuma ya tafi yana tsukewa zuwa baya, kamar garkuwar mayaƙan dā. A tsakiyar bayan akwai wani fili mai kusurwa uku. Idan an duba gefensa na sama da kyau za a ga waɗansu 'yan ɗige-ɗige farare guda uku, wani lokaci biyar, a jere. Wannan alama ce mai kyau ta rarrabe shi da sauran korayen ƙwari.

Yana da ƙafafu shida da fikafikai huɗu. Fikafikan sama rabinsu mai tauri ne, rabin kuma sirara ne kamar fatar albasa, suna hawa kan juna a ƙarshen baya. A kansa akwai gashi biyu dogaye masu gaɓa biyar-biyar, da su yake shinshina da laluben hanya. Mace takan ɗan fi namiji girma. Akan sami waɗansu da goshinsu da gaban kafaɗunsu suka yi rawaya-rawaya, a wasu lokatai ma akan ga wanda duk jikinsa ruwan lemo ne, amma duk iri ɗaya ne.

Warin da aka san shi da shi yana fitowa ne daga waɗansu 'yan ƙofofi biyu da ke ƙarƙashin ƙirjinsa, tsakanin ƙafafun tsakiya da na baya. Makaminsa ke nan, kamar yadda bodari yake kare kansa. Tsuntsu ko ƙadangaren da ya taɓa ɗanɗana shi yakan yi tunani kafin ya sake. Warin kuma gargaɗi ne ga 'yan'uwansa da ke kusa, da sun ji sai su watse. Ba ya cizon mutum, ba ya kuma sa wa mutum wata cuta. Sai dai ruwan warin yana da yaji idan ya shiga ido, don haka wanda ya kama shi ya wanke hannunsa.

Danginsa

Wannan ƙwaro dangin kuɗin-cizo ne na nesa, da kuma darɓar da ke manne wa ganyen wake da gyaɗa. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu bakin tsotso gare su. A gonar wake ta ƙasar nan ba shi kaɗai ne mai tsotson kwanso ba. Akwai wani mai launin ƙasa-ƙasa da ƙayoyi a kafaɗa, mai suna Clavigralla, wanda sau da yawa ya fi koren ɓarna a wake. Akwai wani siriri dogo mai saurin tashi, Riptortus, da wani babba baƙi mai kaurin cinya, Anoplocnemis. Akwai kuma wani ƙarami mai garkuwa, launin ƙasa, da tsini a kowace kafaɗa, wanda yake damun shinkafa da wake, sunansa Aspavia. A ƙasar Sudan wani ɗan'uwansu da ake kira andat yana taruwa a kan zangarniyar dawa tun ƙwaya tana ruwan madara, idan rani ya yi kuma ya koma ya cunkushe a jikin itatuwa.

Duk waɗannan rayuwarsu ta yi kama da juna ƙwarai. Wanda ya fahimci ta koren, ya sami mabuɗin fahimtar sauran.

Yadda Yake Cin Abinci

Koren ƙwaro mai garkuwa ba shi da haƙoran tauna. Bakinsa dogo ne siriri kamar allura, yana naɗe shi a ƙarƙashin ƙirjinsa idan ba ya ci. Cikin wannan baki akwai waɗansu tsinkaye huɗu da suka fi gashin kai siranta. Idan sun haɗu sai su yi hanyoyi biyu, kamar bututu biyu a jere. Ta ɗaya yake tura miyau cikin shuka, ta ɗayar kuma yake zuƙo abinci.

Idan ya sami kwanson wake sai ya kafa bakin, ya huda kwanson har ya kai ga ƙwaya. Sa'an nan ya zuba miyau. Miyan nan yana narkar da naman ƙwayar ya mai da shi ruwa, shi kuwa ya zuƙe. In ya ƙoshi ya zare bakinsa ya koma wata ƙwayar. Abin da ya bari a waje ɗan ɗigo ne kawai, wanda sai an ƙura ido za a gan shi.

Ɓarnar kashi uku ce. Na farko, abin da ya zuƙe ya tafi. Na biyu, miyan da ya rage yana ci gaba da kashe naman da ke kewaye da wurin, ko bayan ƙwaron ya tashi. Na uku, hudar da ya yi ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta masu ruɓar da 'ya'yan shuka, wani lokaci ma a bakinsa yake ɗauko su daga wata shukar ya kai wata. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙwari kaɗan suke iya ɓata amfani mai yawa.

Abin Da Yake Ci

Ba shi da zaɓen abinci sosai. An same shi yana cin tsire-tsire na dangi fiye da 30. Amma abin da ya fi so shi ne shuka mai kwanso, watau wake da waken soya da makamantansu. Bayan su yana kama kuɓewa, da auduga, da tumatir, da barkono da tattasai, da riɗi, da masara, da dawa, da shinkafa, da zurma. Cikin ciyayin daji kuma yana samun abinci a irin su tafasa da rai-ɗore.

Ko da yake yana iya tsotsar ganye da ɗanyen kara, abin da yake nema da gaske shi ne ƙwayar da ke cikin girma, domin a nan shuka take tara mai da abubuwan gina jiki. Saboda haka ba a cika ganinsa a gona tun shuka tana ƙarama ba. Da ta yi fure ta fara ɗaura 'ya'ya sai ya bayyana. In ƙwaya ta bushe ta yi tauri sai ya bar ta. Ba ya bin hatsi rumbu. Ƙwaron da yake huda wake a cikin buhu wani ne dabam.

Ga alamun da yake bari a kan amfanin gona:

Wake. Ƙananan kwansuna sukan yanƙwane, su bushe tun lokacinsu bai yi ba, ko su kakkaɓe. Manyan kuwa sukan yi ƙwaya motsattsiya mai tabo. Irin wannan wake ba ya auki a mudu, ba ya daraja a kasuwa, in an ajiye shi don iri kuma ba ya tsira da kyau. Manoma da yawa sukan ɗauka ƙarancin ruwa ne ya jawo haka. Hanyar rarrabewa ita ce a ɓare kwanson a duba: in akwai ɗan tabo a cikin kwanson daidai inda ƙwayar ta motse, to aikin ƙwaro ne.

Waken soya. Ƙwaya takan motse ta yi duhu, man da ke cikinta ya ragu. Wani lokaci shukar da aka tsotse ƙwarai takan ƙi bushewa, ganye da kara su tsaya kore bayan sauran gona ta isa girbi.

Kuɓewa. Takan yi ƙuraje a jiki, ta karkace.

Tumatir. Yakan yi tabo fari-fari ko rawaya. In an feɗe fatar wurin za a tarar da naman ya yi fari ya yi soso.

Auduga. Ƙananan 'ya'ya sukan zube, manyan kuwa audugarsu ta yi dafi-dafi, ta rage daraja wurin awo.

Shinkafa da dawa. Ƙwayar da aka tsotsa tana ruwan madara takan zama ƙaiƙayi, ko ta yi baƙin tabo.

Matakan Rayuwarsa

Rayuwar wannan ƙwaro mataki uku ce: ƙwai, ɗa, babba. Ba ya zama tsutsa, ba ya kuma naɗe kansa ya kwanta kamar yadda tsutsar malam-buɗe-littafi take yi. Ɗan da ya fito daga ƙwai yana da ƙafafu shida da bakin tsotso kamar uwarsa, fiffike ne kaɗai ba shi da shi.

Ƙwai. Mace tana yin ƙwai a ƙarƙashin ganye, wani lokaci a jikin kwanso. Takan jera su layi-layi, manne da juna, a dunƙule ɗaya mai kama da saƙar zuma. Kowane ƙwai kamar 'yar ƙaramar ganga yake, da murfi a samansa, girmansa bai kai ƙwayar gero ba. Dunƙule ɗaya yakan ƙunshi ƙwai 30 zuwa 130. Sabon ƙwai fari ne mai ɗan rawaya. In ya kusa ƙyanƙyashewa sai ya koma ja-ja. A lokacin zafi kwana biyar ko shida sun isa, a lokacin sanyi kuwa yakan kai mako biyu ko uku. Uwar ba ta tsaron ƙwan, da ta gama sai ta yi gaba.

'Ya'ya. Kafin ɗa ya zama babba sai ya yi saɓa sau biyar, kamar yadda maciji yake yi, domin fatarsa ba ta miƙewa. Kowace saɓa kuwa da irin launin da take fito da shi, har mutum ya ɗauka ƙwari ne iri-iri.

Sababbin ƙyanƙyasa ja-ja ne, ƙanana kamar kan allura. Ba su cin shuka tukuna. Sukan taru cunkus a kan ɓawon ƙwansu kwana uku ko huɗu. A wannan zama suna lasar waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda uwar ta shafa a jikin ƙwan sa'ad da take yin sa. Waɗannan ƙwayoyi suna zama a cikin hanjinsu har ƙarshen rayuwa, suna taimakonsu samun amfanin abin da suka ci.

Bayan saɓa ta farko sai su koma baƙaƙe da ɗige-ɗige farare. A nan suke fara tsotso, amma har yanzu a tare suke tafiya kamar garke, ba su nisa da inda aka ƙyanƙyashe su. Haka suke har bayan saɓa ta biyu. Daga saɓa ta uku sukan fara watsuwa cikin gona. Launinsu ya fara komawa kore, ko da yake waɗansu sukan tsaya da duhunsu, da ɗige-ɗige farare a baya da jan ado a gefe. Bayan ta huɗu akan ga tsiron fikafikai a bayansu. Waɗannan manyan 'ya'ya cinsu ya kusa na babba, ɓarnarsu ma haka. Saɓa ta biyar ita take fito da cikakken ƙwaro mai fiffike.

A yanayi mai zafi irin namu, daga ƙwai zuwa babba kamar mako biyar ne.

Babba. Sabon babba yakan yi kwanaki yana ci kafin ya isa barbara. Namiji yana sakin wani ƙanshi da iska take ɗauka, wanda yake jawo 'yan'uwansa zuwa shukar da yake. In sun haɗu a shuka ɗaya sai su yi magana ta wata hanya mai ban mamaki: kowanne yana kaɗa cikinsa, motsin ya bi ta ƙafafunsa ya shiga karan shuka, ɗayan ya ji ta nasa ƙafafun. Kunnen mutum ba ya jin wannan kira. Da shi namiji yake bin reshe har ya iske mace.

Mace takan fara ƙwai mako biyu zuwa huɗu bayan ta zama babba. Takan yi dunƙule da dama, jimlar ƙwanta ta kai 200 ko fiye. Babba yana iya rayuwa wata ɗaya ko biyu. A ƙasashe masu ɗumi akan sami zuriya huɗu a shekara guda.

Bari mu yi ɗan lissafi don misali. A ce mace ɗaya ta yi ƙwai 200, ɗaya bisa goma kaɗai suka rayu. An sami 20 ke nan, 10 mata. In kowace cikinsu ta yi kamar uwarta, zuriya ta biyu ta zama 200. Tsakanin waɗannan zuriya biyu kuwa bai fi wata biyu ba. Ƙwaron da aka raina a watan Agusta shi ne taron da ake gani a watan Oktoba.

Inda Yake Zama

Masana suna ganin asalinsa daga gabashin Afirka ne, wajen ƙasar Habasha. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya rubuta bayaninsa tun 1758. Yau ana samunsa a duk sassan duniya masu ɗumi: Afirka, da Asiya, da kudancin Turai, da Amurka ta Kudu da ta Arewa, da Ostireliya. Yana da ƙarfin tashi, kayan lambu da ake fatauci tsakanin ƙasashe kuma sun taimaka masa ƙetare teku.

Sanyi ne babban abin da yake taka masa burki. A ƙasashen da ake tsananin sanyi, babban ƙwaro yakan sake launi ya koma ja mai duhu, ya ɓuya a ƙarƙashin ɓawon itace ko busasshen ganye, ba ci ba haihuwa, sai ɗumi ya dawo. Da yake sanyin waɗannan ƙasashe yana raguwa, ƙwaron yana ƙara matsawa arewa. A ƙasar Japan an ga yana mamaye wuraren da dā ba ya iya zama, a Ingila kuma an same shi yana haihuwa a birnin Landan a 2003.

A ƙasarmu ba sanyi ne yake takura masa ba, rashin ɗanyen abinci ne da rani. Saboda haka zamansa bin abinci ne. Da damina ta faɗi yakan fara a ciyayin gefen gona da kuɓewar farko. Daga nan ya koma wake da waken soya sa'ad da suka ɗaura 'ya'ya, watau a arewa wajen watan Satumba da Oktoba, a nan ne kuma yake fin yawa. Bayan girbi waɗanda suka rage sukan nemi fadamu da lambuna da bakin rafi, da wuraren noman rani irin su Kadawa da Bakalori da Daɗin Kowa, inda tumatir da kuɓewa da barkono suke ɗanye har bazara. A kudu da tsakiyar ƙasa, inda damina take da tsawo, da wuya ya rasa abin ci.

A cikin gona ma yana da ɗabi'u da ya kamata a sani. Da yake daga waje yake shigowa, layukan gefe yake fara kamawa. Da safe yakan hau saman ganye ya sha hantsi. In rana ta take sai ya sauka cikin inuwar shuka. In ya ji motsi yakan zagaya bayan ganye ko ya saki jiki ya faɗi ƙasa. Da dare kuma hasken fitila yana jawo shi.

Abokan Gābarsa

Duk da warinsa, yana da masu cinsa. Tururuwa da cinnaka suna kwashe ƙwai da ƙananan 'ya'ya. Gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da waɗansu tsuntsaye suna kama manya. Cikin danginsa masu garkuwa ma akwai waɗanda ba su cin shuka, ƙwari da tsutsotsi suke tsotsa. Bakinsu ya fi na masu cin shuka kauri.

Babban abokin gābarsa kuwa wani ɗan ƙanƙanin zanzaro ne baƙi, wanda bai fi ƙwayar riɗi ba, mai suna Trissolcus basalis. Macensa takan nemi dunƙulen ƙwan, ta soka nata ƙwan a cikin kowane ɗaya. Ɗanta ya cinye abin da ke ciki, ya fito a madadin ɗan ƙwaron. Ƙwan da zanzaron ya shiga yakan koma baƙi ko toka-toka. Amfaninsa ya kai har aka ɗauke shi daga Masar aka kai Ostireliya a 1933 musamman don ya rage wannan ƙwaro, daga baya kuma aka kai shi waɗansu ƙasashen.

Wannan ɗan zanzaro ma'aikaci ne da ba a biyansa lada. Amma maganin feshi ya fi saurin kashe shi a kan ƙwaron da ake nufi. Manomin da yake feshi barkatai yana kashe mataimakansa da kuɗinsa.

Abin Da Manomi Zai Yi

Daga bayanin da ya gabata za a ga ƙwaron yana da kwanaki kamar goma sha biyar zuwa ashirin, daga yin ƙwai zuwa lokacin da 'ya'ya suke watsuwa, waɗanda a cikinsu yake tare wuri ɗaya, ba fiffike, ba gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga shawarwari:

1. Daga ranar da wake ya fara fure, a riƙa zagaya gona aƙalla sau biyu a mako, da sassafe. A fara da layukan gefe. A riƙa ɗaga ganye ana duba ƙarƙashinsa.

2. Don sanin yawansu, a shimfiɗa farin buhu ko ƙyalle tsakanin kunya biyu, a girgiza shuka a kai, a ƙirga abin da ya faɗo. A yi haka a wurare da dama, a riƙe adadin, a gwada da na makon da ya wuce.

3. In an ga dunƙulen ƙwai fari ko ja-ja, a murƙushe shi. In baƙi ne a bar shi, zanzaro ne a ciki.

4. In an ga garken ƙananan 'ya'ya, a kakkaɓe su cikin kwano mai ruwan sabulu. Manya ma ana iya yi musu haka da sanyin safiya, kafin jikinsu ya yi ƙarfin tashi. A ƙaramar gona ko lambu wannan kaɗai yakan wadatar.

5. A nome tafasa da rai-ɗore da zurma da ke gefen gona kafin su ɗaura 'ya'ya.

6. Maƙwabta su yi ƙoƙarin shuka a lokaci ɗaya. Gonar da ta yi saura ita take karɓar ƙwarin duk gonakin da aka girbe. Irin wake mai saurin nuna yana rage kwanakin da kwanso yake ɗanye. A girbe da zarar ya bushe, a kwashe harawa, kada a bar gyauro.

7. Ana iya dakan 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu a fesa da yamma. Yana rage musu cin abinci, ya fi kuma aiki a kan ƙananan 'ya'ya.

8. In yawansu yana ƙaruwa duk da haka, a nemi malamin gona ya ba da shawarar maganin da ya dace da ma'auninsa. A sayi mai lambar rajistar hukumar NAFDAC kaɗai. Sau da yawa fesa layukan gefe ya isa. A yi feshi da yamma sa'ad da ƙudan zuma ya koma, a rufe hanci da baki da hannu, a bi bayan iska, a yi wanka bayan an gama. A kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da girbi, musamman a kuɓewa da tumatir da ake tsinka kullum.

9. Masu shuka irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar aka kuma amince da shi a 2019, su lura: tsutsar da ke cin fure da kwanso aka yi shi don ya jure wa. Ba ya hana ƙwari masu tsotso. Lalle ne a ci gaba da duba gona kamar kullum.

Kammalawa

Koren ƙwaro mai garkuwa yana zuwa ne sa'ad da shuka ta ɗaura 'ya'ya. Ta gefen gona yake shiga, a ƙarƙashin ganye yake ƙwai, 'ya'yansa kuma suna zaune wuri ɗaya har su yi ƙwari. Dunƙulen ƙwai ɗaya da aka murƙushe da yatsa ya hana ƙwari masu yawa fitowa, ba a kuwa kashe ko kwabo ba. In an bari sun yi fiffike sun watsu, sai an sayi magani, shi ma ba zai mai da ƙwayar da aka riga aka tsotse ba.

Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabtansa da ba su iya karatu ba. A nuna wa yara siffar ƙwan da ta 'ya'yan, domin idonsu ya fi na manya kaifi. Malaman makaranta kuma suna iya kai ɗalibai gonar makaranta su ga matakan nan da idonsu. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarsa. Rigakafi ya fi magani.